ZAUREN LAFIYAR IYALI: Ba Kowane Ciwon Gaɓa Ne Sanyi Ba

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya kuma sanya lafiya ta zama jarin bawa wajen bauta da neman halali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa masu bibiyar wannan zaure, barkanmu da sake saduwa. Abin da ya jawo maganarmu ta wannan fitowa wani maƙwabcina ne a unguwar Angondjé, ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Mont-Bouët, wanda ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba, ya ba ni labarin iyalinsa, ya kuma amince in kawo shi nan muddin ba a ambaci suna ba.

Ya ce bayan haihuwarta ta biyu ne maiɗakinsa ta fara tashi da asuba yatsunta a kumbure, ba ta iya matse wanki, ba ta iya ɗaure zanen goyo sai an taimaka mata. Da aka buga waya gida, tsofaffi suka ce sanyin jego ne, ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba. Maƙwabta suka ce danshin teku ne da ruwan saman Gabon da ba ya yankewa. Da gashinta ya fara zuba, kumatunta suka yi tabo, sai zance ya koma kan sammu. Aka yi ƙaho, aka sha saiwoyi, aka sayi ƙwayoyi a hannun masu talla. Ƙwayoyin suka kwantar da ciwon, fuskarta ta cika ta yi fam, har ana yi mata barka da samun sauƙi. Shekara biyu ana wannan hali, sai ranar da ƙafafunta suka kumbura, fitsarinta ya riƙa yin kumfa, sannan aka nufi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce cutar da ake kira lupus ce, kuma ta riga ta taɓa ƙoda. Yanzu alhamdu lillahi tana kan magani, tana samun sauƙi, amma likitan ya faɗa masa cewa da an zo da wuri, da wahalar ba ta kai haka ba.

Da ya gama sai ya ce mini, "Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai, an ce wannan cutar Turawa ce. Yaya aka yi ta shigo gidana?" Wannan tambaya tasa ce na ga ya dace mu amsa tare, domin ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan zato ba. Akwai lokacin da manyan likitocin duniya ma suka yi shi.

Kalma ɗaya, cututtuka da yawa

Mu Hausawa duk ciwon da ya kama gwiwa ko ƙugu ko yatsu, sunansa ɗaya a bakinmu: sanyi, ko amosani. A ƙasar Hausa mukan ɗora laifin a kan hunturu, a nan kuwa a kan damina. Amma a wurin likitoci wannan kalma ɗaya ta rufe cututtuka fiye da ɗari, kowace da sababinta da maganinta. Ga kaɗan daga cikinsu, tare da sunayen da za ku ji a bakin likitocinmu na nan da Faransanci.

Akwai zaizayewar guringuntsi, wadda suke kira arthrose. Ita ce ta fi yawa, tana zuwa da shekaru da ƙiba da aikin wahala, ta fi son gwiwa da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ita. Akwai wadda suke kira goutte, wadda kan kama babban yatsan ƙafa cikin dare da zafi kamar an ɗora garwashi. Wani sinadari ne ke taruwa a jini ya daskare cikin gaɓa, kuma yawan cin jan nama da kayan ciki da lemon kwalba na tayar da ita, shi ya sa wasu magidanta kan kwanta bayan Babbar Sallah. Akwai kuma ciwon ƙashi na masu amosanin jini, wato sikila, wanda gado ne. Binciken da aka yi a Gabon ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da ƙwayar gadon wannan cuta, don haka gwajin jini kafin aure ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Sai kuma rukunin da ya fi ɓuya, wanda ya kama matar maƙwabcina. Allah cikin hikimarSa Ya sanya wa jiki garkuwa, wato dakarun da ke cikin jini suna yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane waɗannan dakaru kan rikice, su kasa bambance ɗan gida da baƙo, su juya makamansu kan gaɓoɓi ko fata ko ƙoda ko huhu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, to haka lamarin yake. Daga cikin wannan rukuni akwai polyarthrite rhumatoïde, mai kumbura ƙananan gaɓoɓin hannu biyu har ta karkatar da yatsu in an bar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 ke da ita a 2019, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne. Akwai lupus, wadda cikin kowane mutum goma da ta kama, tara mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Ba a ɗaukar waɗannan cututtuka ta cin abinci tare ko kwanciyar aure. Gado na da hannu a ciki, haka ma wasu abubuwa na muhalli, kuma an tabbatar shan taba na ƙara haɗarin kamuwa da ta yatsun nan.

Yadda aka ƙidaya, da abin da aka gano

Akwai wani fanni na likitanci wanda aikinsa ƙidayar cuta a cikin al'umma: mutum nawa ta kama, maza ne ko mata, a birni ko a ƙauye, kuma me ya haɗa waɗanda ta kama. Da wannan ƙidaya gwamnatoci ke sanin likitocin da za su horar da magungunan da za su sayo. Cutar da ba a ƙidaya ta ba, ba a yi mata kasafi.

A shekarar 1968 wani matashin likita ɗan Ingila mai suna Brian Greenwood, wanda ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya bi takardun marasa lafiyar da aka kwantar a asibitin, ya ga cututtukan tawayen garkuwar jiki ba su da yawa idan an kwatanta da Turai. Ya wallafa wannan a mujallar likitoci ta Lancet, ya kuma kawo hasashen cewa wataƙila yawan fama da zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsin ciki ne ke shagaltar da garkuwar jikin ɗan Afirka har ba ta samun sararin juyowa kan mai ita. Wannan likita daga baya ya koma Zariya a 1970, ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello yana bincike kan sanƙarau da zazzaɓi. Maganarsa ta samu ƙarfi a 1993, lokacin da aka wallafa wani bincike da aka bi gida-gida a Igbo-Ora ta ƙasar Yarabawa, aka duba kimanin mutum 2,000 ba a samu ko ɗaya da aka tabbatar yana da polyarthrite ba.

Amma akwai abin da ya daɗe yana damun masana. A Amurka da Ingila, 'ya'yan baƙar fata, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma, sun fi fararen fata kamuwa da lupus, kuma ta fi yi musu tsanani. To yaya za a ce jikoki na da ita, amma ƙasar kakanni babu? Da likitocin gaɓoɓi suka fara samuwa a Afirka, aka kuma samu ɗakunan gwajin jini, sai amsa ta fara fitowa. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo na Legas da abokin aikinsa suka wallafa cewa cikin marasa lafiya 1,250 da suka gani a asibitin gaɓoɓi, 66 lupus ce ke damunsu, kusan dukkansu mata. A 2012 aka fitar da sakamakon wani bincike a Kinshasa, inda aka bi unguwanni aka tambayi mutum 5,000, aka samu kimanin mutum 6 cikin kowane 1,000 suna da polyarthrite, adadin da bai yi nisa da na wasu ƙasashen Turai ba.

A nan gida ma ba a zauna ba. Likitocin babban asibitin koyarwa na Libreville sun wallafa wani nazari a 2017 a mujallar Pan African Medical Journal, inda suka bi takardun marasa lafiya 6,050 da aka gani a sashen gaɓoɓi cikin shekara shida. Sun samu mutum 67 masu lupus da danginta, bakwai daga cikinsu kuma suna da wani nau'i mai haɗa alamomin cututtuka biyu ko uku a jiki ɗaya, kuma su bakwai ɗin duk mata ne.

Sai dai a lura da wani abu, 'yan uwa. Ƙidayar asibiti tana nuna waɗanda suka iso asibiti ne kawai, suka kuma isa gaban likitan da ya san cutar. Matar maƙwabcina ta yi shekara biyu da cutar ba ta cikin lissafin kowa. Mata nawa ne irinta a Okala, ko Avorbam, ko Cap Estérias, ko can Bitam da Oyem inda danginmu suka daɗe da zama? Mata nawa aka yi ta yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka har suka koma ga Allah ba a san ainihin abin da ya same su ba? Masana na ci gaba da muhawara kan ko rayuwar birni ce ta ƙara yawan cututtukan, ko dama suna nan ba a gano su ba ne. Abin da babu jayayya a kai shi ne suna cikinmu. Idan ana son ganin bambancin ƙasar da ke ajiye takardu, a dubi Ingila: a 2023 an wallafa nazarin bayanan mutum miliyan 22, aka ga kusan mutum ɗaya cikin goma na da ɗaya daga cikin cututtuka 19 na tawayen garkuwar jiki. Sun san adadinsu ne saboda kowane majiyyaci yana da fayil.

Abu biyu da suka shafe mu kai tsaye

Waɗanda suke Libreville a 2007 ba za su manta da zazzaɓin chikungunya ba, wanda ya kwantar da kimanin mutum 20,000 a birnin da kewayensa. Sunan daga harshen Makonde na Tanzaniya yake, yana nufin abin da ke tanƙware mutum, saboda tsananin ciwon gaɓoɓin da yake kawowa. Masu bincike na cibiyar CIRMF da ke Franceville sun gano cewa wani sauro mai zanen fari da baƙi, mai cizo da rana, shi ke yaɗa shi, kuma cutar ta sake ɓulla a yankin Franceville a 2010. Zazzaɓin kan wuce cikin mako guda, amma a jikin wasu ciwon gaɓoɓin kan zauna watanni, har ma shekaru. Wannan sauro a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da bokitan da ruwan sama ya taru yake ƙyanƙyasa, kuma mu a Akanda, inda gine-gine ke ta tashi a gefen fadama, mun san ba mu rasa irin waɗannan. Kifar da su ba ya cin ko sisi.

Na biyu ya fi tayar mini da hankali domin yara yake kamawa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 zai yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ba shi ɗan maganin zafin jiki, ko a kai shi wurin wanzami a cire masa belu, a ɗauka an gama. Bayan mako biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, ta sace, idon sawu ya ɗauka, ya sace, gwiwar hannu ta ɗauka. Wannan shi ne zazzaɓin gaɓoɓi, wanda likitoci a nan ke kira rhumatisme articulaire aigu. Wata ƙwayar cuta ce ta maƙogwaro ke tayar da garkuwar jiki, ita kuma garkin yaƙarta sai ta haɗa da gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gaɓoɓin kan warke sarai, zuciyar ce ke ɗaukar tabon. Shekaru su wuce, yarinya ta girma ta yi aure, ranar da ta ɗauki ciki sai numfashi ya gagara. Sama da mutum miliyan 40 ke rayuwa da irin wannan ciwon zuciya a duniya, kuma yana kashe sama da 300,000 a kowace shekara. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya haɗa marasa lafiya 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yemen, har da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nuna cewa rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Abin takaici, maganin ciwon maƙogwaron nan penisilin ne, mai araha, wanda aka sani tun zamanin kakanninmu. Wanda kuma zazzaɓin ya riga ya kama, allurar penisilin duk bayan mako uku ko huɗu tana kare zuciyarsa. Lallai rigakafi ya fi magani.

To mene ne abin yi?

Na farko, mu san alamomin da ba a jira da su. Gaɓoɓin da suka kumbura suka wuce mako shida. Yatsun da ke sandarewa da safe fiye da rabin awa, musamman a hannu biyu lokaci ɗaya. Zazzaɓin da ke dawowa alhali gwaji ya nuna babu na cizon sauro. Zubewar gashi, da gyambon baki, da tabo a kumatu da karan hanci mai tsananta bayan shiga rana. Kumburin ƙafa da fitsari mai kumfa. Ɓari a kai a kai. Duk wanda ya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan, ya nemi a tura shi ga likitan gaɓoɓi, wato rhumatologue, ko likitan cututtukan ciki. Bincike ya tabbatar da cewa maganin da aka fara a watannin farko shi ke hana yatsu karkacewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, mu ji tsoron Allah game da ƙwayoyin kan titi. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da sunan maganin sanyi ko maganin ƙiba suna ɗauke da kotizon. Magani ne mai daraja a hannun likita, har an ba waɗanda suka gano amfaninsa kyautar Nobel a 1950, amma idan aka sha shi barkatai yana kawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Cikar fuskar da ake yi wa barka alamar illarsa ce. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya daina rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac su ma suna cin ciki da ƙoda in aka mayar da su abincin kullum. Wanda aka rubuta wa methotrexate ya riƙe cewa sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma ba a ɗaukar ciki a kansa. Mai lupus na iya haihuwa lafiya da yardar Allah, amma a shirya cikin tare da likita.

Na uku, kowane gida ya tanadi jaka guda ta takardun asibiti. Mu mutane ne masu tafiya, yau Libreville, gobe Garwa ko Maraɗi ko Kano. Likitan da ya ga sakamakon gwajin shekara uku da suka wuce ya fi wanda zai fara daga farko saurin gane cuta. Masu katin CNAMGS su tambayi tanadin da hukumar ta yi wa cututtuka masu daɗewa. Marasa kati kuwa haƙƙinsu yana wuyanmu, kuma ina kira ga shugabannin ƙungiya da su duba yadda asusun taimakon juna zai riƙa ɗaukar kuɗin gwajin farko, domin a nan ne mafi yawan iyalai ke tsayawa.

Na huɗu, idan ma'aikatan lafiya suka zo unguwa da takardar izini daga hukuma suna tambayoyi, ko likita ya nemi yardarmu a sanya bayananmu cikin bincike, mu saurare su da kyau. Muna da haƙƙin a yi mana bayani da harshen da muke ji, a ɓoye sunanmu, mu kuma ƙi in ba mu gamsu ba. Amma mu sani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Al'ummar da ta rufe ƙofa ga mai ƙidaya, ita ce za a manta da ita ranar rabon magani. Magidanci ya ba iyalinsa dama ta amsa da bakinta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyar, kuma wannan gare ku ne 'yan uwana maza da iyayenmu surukai. Matar da ta ce ba ta iya tuƙa tuwo da safe, alhali da rana an gan ta tana tafiya, ba lalaci take yi ba. Haka cutar take, takan tsananta da asuba ta sassauta da hantsi, takan kwanta wata guda ta tashi wata guda. Kada a zarge ta, kada a zargi abokiyar zamanta da sammu a raba zumunci a kan zato, alhali addininmu ya yi hani da mummunan zato. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani, domin Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da neman magani, kuma yin hakan bai saɓa wa tawakkali ba. Shari'a ta sauƙaƙa wa majiyyaci: wanda gwiwa ta hana shi tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ruwa ke cutarwa ya yi taimama, wanda azumi zai cutar da ƙodarsa ya tuntuɓi likita da malami tun kafin watan Ramadan ya kama. Idan Mai shari'a Ya yi rangwame, bai kamata mutanen gida su tsananta ba.

Maƙwabcin nawa ya gaya mini cewa yanzu shi ke riƙe da jakar takardun, shi ke tuna mata ranar ganin likita, kuma ya sa an kai ƙanwarta gwaji da ta fara kukan yatsu. Allah Ya saka masa da alheri, Ya sa mu yi koyi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya miƙa takardarsa ga sakataren ƙungiya bayan sallar Juma'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.